Takardar Auta a Bangon Ofis

Zuwa ga ƙanina, wanda na ji yanzu Darakta ake ce masa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maiɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta rantse ba za ta ƙara tsayuwa a gaban allo ba. Rabin darasi yanzu a zaune nake yin sa. Yaran kuwa sun gano ni, duk mai son ɓarna sai ya koma layin baya inda ya san ba zan taso ba.

Na kira ka a waya har na gaji, kullum kana taro. Shi ya sa na koma wa biro da takarda, na ba direban motar da ke zuwa wajenku. Ita takarda ba a ce mata a kira an jima.

Maganar Auta ce ta sa na rubuto. Ka san ta tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburina a ɗakin malamai, lokacin da ni da kai muke koyarwa a makaranta ɗaya. To, ta gama kwalejin horon malamai, kuma ta fito da sakamakon da ya sa na yi kwana biyu ina yi wa mutane murmushi ba dalili. Ba ni na tura ta ba. Yayyenta duk sun guje wa alli kamar wuta, ita kaɗai ce ta ce aikin uwarta take so. Tun da ta gama gwamnati ba ta ɗauki malamai ba, zaman gida kuma ya fara cin ta. Na ji makarantar da ka buɗe tana neman hannu. Ka riƙe ta a wajenka kafin a buɗe ɗaukar aiki.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu don kada a zo ana jin nauyin juna: ka yanka mata albashi kamar kowane malami. Ba na cewa a fifita ta, kada dai a rage ta. Da wani ne da na yi ta kewaye-kewaye, amma kai ne. Kai ne ka hau benci a shekarar da aka riƙe mana albashi, kana cewa wanda ya hana malami haƙƙinsa ɓarawo ne ko da ya sa babbar riga, har bencin ya karye da kai. In na tuna yadda ka ci gaba da jawabinka daga ƙasa, sai in yi ta dariya ni kaɗai a aji.

Uwarka da uwata 'ya'yan wa da ƙani ne. Zumuncin ya yi nisa, na sani, amma a wurina bai taɓa yin sanyi ba. Amana ce zan ba ka.

Ni ce yayarka.

*

Yaya Malama,

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah Ya ba gwiwa sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai hidimar makaranta da ba ta ƙarewa. Bencin nan kuwa ki daina ɓata min suna, dama can ruɓaɓɓe ne, ba nauyina ba ne.

Ki turo Auta ko gobe ne. Wallahi kamar kin san abin da nake nema. Ɗiyarki ɗiyata ce, Yaya. Akwai gado a ɗakin 'yan matana, abin da muka ci shi za ta ci, a motata za ta je a motata za ta dawo. Ba za ta nemi komai ta rasa ba.

Maganar albashi kuwa har kin ba ni kunya. Ni da ke har sai an zauna ciniki? Ki bar wannan a hannuna.

Sai dai ta taho da takardar shaidarta ta asali, ba kwafi ba, saboda fayil ɗin ofis.

Naki, ƙaninki.

*

Ƙanina,

Ina gaisuwa. Da fatan kowa lafiya. Ni jikin da sauƙi, zuciyar ce babu.

Na daɗe ban rubuto ba don ina zaton komai na tafiya daidai. Duk sanda na kira Auta sai ta ce, "Lafiya lau, Mama, Kawu na ƙoƙari." Ni kuma da ka ce in bar maganar a hannunka, na ɗauka ka karɓa ne. Ashe ajiye ta ka yi.

Ta zo dogon hutu. Da ta yi sallama ban gane muryarta ba, ta dishe kamar ta tsoho mai tari. Takalmin da ta tafi da shi, shi ta dawo da shi, an ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu. Na ce mata cikin wasa, "To ma'aikaciya, ina tsarabata?" Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Nan na sha jinin jikina. Na rufe ƙofa na ce ta zauna.

"Nawa yake ba ki?"

"Mama, Kawu ya ce ni 'yar gida ce."

"Na ji. Nawa yake ba 'yar gidan?"

"Yakan ba ni na sabulu. Wani lokaci da na katin waya."

Shekarar karatu guda cur, ƙanina. Da na matsa mata sai sauran suka fito. Aji biyu take riƙewa a ɗaki ɗaya da aka raba da falanki, tana koya wa waɗannan lissafi tana jiyo waɗancan suna dambe. Duk malamin da ya gudu, ajinsa kanta yake faɗowa. Ita ke rubuta wa sauran malaman tsarin darasi saboda babu wanda ya taɓa shiga kwaleji a cikinsu. In an koma gida kuma ga 'ya'yanka da aikin gidansu. Ranar biyan albashi kowa ya shiga ofis ya fito, ita ce ma ke kiran sunayensu daga bakin ƙofa. Ta ce min takardar shaidarta ba ta cikin wani fayil, tana rataye a bango bayan kujerarka cikin gilashi, kuma in iyaye suka zo neman gurbi ita kake nuna musu ka ce ga shugabar malamanmu.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa min. Ta ce ba ta so ta zama sanadin ɓata tsakaninmu. Ka ji irin yarinyar da na ba ka.

Wannan maganar za mu yi ta, ba ta wuce ba. Amma yanzu akwai wadda ta fi ta gaggawa. Gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai. Auta ta zauna jarrabawa ta ci, sunanta ya fito. Saura tantancewa a ƙarshen watan nan, kuma sun faɗa da babbar murya cewa duk wanda bai zo da takardarsa ta asali ba kada ma ya wahalar da kansa. Ka cire ta daga bangon nan ka ba direba ya taho min da ita a zuwansa na gaba. Abin da ta yi ta jira ke nan tun ranar da ta gama.

Yayarka.

*

Yaya Malama,

Na gaishe ki, na kuma gai da Auta. Na ga wasiƙarki, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta yi min zafi. Kin yanke min hukunci ba ki ji ta bakina ba.

Ke gwamnati ke biyanki. Ko ta makara, ko ta gutsure, wata rana dai tana zuwa. Ni wa ke biyana? Iyayen da sai an kori yaro sau uku kafin su kawo rabin kuɗin makaranta? Mai ginin da nake haya ba ya jin Allah Ya ba ka haƙuri. In na ƙara kuɗin makaranta ko kaɗan, washegari an kwashe yara an kai makarantar bayan layi. Malaman da kika ji ana kira ofis, abin da nake ba su ni kaina ina jin kunyar miƙa shi, kuma sau da yawa sai na ranto. Ranar da na hau benci, Yaya, ban taɓa zama a ɗaya gefen teburin ba. Yanzu na zauna. Ba wai na daina ganin ana cutar malami ba ne, na dai gano cewa wanda ke cutarsa ma wani na zaune a wuyansa.

Game da Auta, ki yi adalci. Ɗaki, abinci, mota, magani ranar da ta yi zazzaɓi. Da haya take biya tana ciyar da kanta, albashin da zan ba ta ba zai kai ta tsakiyar wata ba. Ga aikin da ta koya a hannuna, wanda kwaleji ba ta koya mata ba. Ban taɓa kallonta a matsayin ma'aikaciya ba, shi ya sa ban sa ta a layin ma'aikata ba. In wannan laifi ne, to laifin ƙauna ne.

Takarda kuma, ki yi min haƙuri kaɗan. Masu duba makarantu za su zo sabunta mana izini a cikin watan nan, kuma ba sa faɗin rana, faɗowa kawai suke yi. Sharaɗinsu shi ne a samu ƙwararren malami ko da ɗaya ne, su ga takardarsa ta asali da idonsu. Tata ce kaɗai gare mu. In suka zo bangon nan babu komai, kwaɗo za su sa wa ƙofa. Ki tuna yaran da ke ciki, ki tuna malaman da ke ci daga nan. Da zarar sun zo sun tafi, da hannuna zan kawo miki.

Ku je da kwafi ku yi musu bayani. Ke tsohuwar ma'aikaciya ce, ba za a rasa wanda ya san ki ba. In ma ba ta yiwu ba, ai ba daga wannan aka rufe ɗaukar aiki ba. Yarinya ce, lokaci na gabanta.

Ƙaninki mai ganin girmanki.

*

Kai,

Gaisuwa ɗaya zan yi, ita ma don an saba ne.

Da na karanta amsarka ban tsaya rubuta wata ba, na sa Auta a mota ta je ta karɓo kayanta da kanta. Maigadi ya ce Darakta ya yi tafiya. Maiɗakinka ta ce ba ta san inda makullin ofis yake ba, tana faɗa tana kallon ƙasa. Yarinyar nan ta leƙa ta taga ta hango takardarta, sunanta da hotonta, ba abin da ya raba su sai ƙarfen taga. Ta kira wayarka tana kashe. Ta kwana ta juyo hannu wofi.

Ranar tantancewa na ja ƙafata na raka ta. Layi ya fito har bakin titi, kowa rungume da ambulan a ƙirji. Wasu na ga furfura a kansu, sun daɗe suna jiran wannan rana. Da aka zo kanta ta miƙa kwafi. Ma'aikacin bai yi mana wulaƙanci ba, da ma ya yi da na samu wanda zan huce a kansa. Ya juya takardar ya ce, "Ina ta asalin?" Na matso na fara bayani, ni da ban taɓa roƙon kowa alfarma a bakin aiki ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mama, wallahi na yarda da ke. Amma in na karɓi wannan, ni za a kora." Ya ja layi a kan sunanta ya kira na baya. A hanyar dawowa ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi kukan a cikin mota, mutane na ba ni haƙuri suna zaton rasuwa aka yi min.

Yanzu bari in amsa maka lissafinka. Ka ce ɗaki da abinci. 'Ya'yanka ma suna kwana suna ci, aji nawa suke riƙe maka? In 'yarka ce, me sunanta yake yi a gaban masu duba makarantu a matsayin shugabar malamai? In ma'aikaciyarka ce, ina haƙƙinta? Ka zaɓi ɗaya. Ba za ta zama ma'aikaciya ranar dubawa ba, ta koma 'ya ranar biya.

Ka ce ana zaune a wuyanka. Na yarda, ban taɓa cewa kana kwana a kan kuɗi ba. Da ka rubuto min tun farko ka ce, Yaya, ba ni da abin biyanta, da na san abin yi. Ko in bar ta ta taimake ka da saninmu, ko in riƙe abata. Amma ka ga takardar kake so, sai ka lulluɓe maganar da zumunci don kada in tambaya. Tun wasiƙarka ta farko ka san abin da za ka rataya a bango.

Ni ma ba a biya ni daidai ba, kai shaida ne. Na tsufa a aikin nan ban mallaki abin da ɗalibaina suke mallaka a shekararsu ta farko a wani aikin ba. An riƙe min albashi, an manta da ni wajen ƙarin girma, na sayi alli da kuɗina. Amma duk cutar da gwamnati ta yi min, ba ta taɓa dafa kafaɗata ta ce min ɗiyata ba. Ta cuce ni a matsayin baƙuwa, na kuma san da wa nake faɗa. Kai ka ci amanata, ka ci ta yarinyar da ke durƙusawa ta gaishe ka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Ka riƙe takardar har su zo. Yanzu ba ta da sauri.

*

Yaya,

Na san ba ki son ganin rubutuna. Na bari ne zuciya ta ɗan kwanta, shi ya sa na yi shiru wannan tsawon lokaci. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi.

Masu dubawa sun zo, ba a watan da muka zata ba, sai a na bayansa. Da na san haka ne, wallahi da na aiko. Sun sabunta mana izini, sun kuma yaba da tsarin darasin da Auta ta bari. Ga takardar nan na ba direba, na bar ta a cikin gilashinta don kada ta lalace, na naɗe da zane.

Na yi kuskure a wasu wurare, ban musa ba. Ina so in gyara. Ki bar Auta ta dawo a sabon zango. Zan yanka mata albashi, a rubuce, sama da na kowa, ta zama shugabar malamai ta gaskiya. Tun da ta tafi ajinta ya watse, iyaye biyu sun cire 'ya'yansu, ƙananan kullum sai sun tambaye ni yaushe Anti za ta dawo. Kuma izinin nan duk shekara ake sabunta shi.

Ki dubi zumunci, Yaya. Kada abu ɗaya ya rushe zumuncin shekaru.

Ƙaninki.

*

Darakta,

Saƙonka ya iso, gilashin bai fashe ba. Lafiyarmu ƙalau.

Na karanta wa Auta wasiƙarka tun daga sama har ƙasa, ban rage ba ban ƙara ba. Da na zo wajen yaran da ke tambayarta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da na zo wajen izinin da ake sabuntawa duk shekara, daga ciki na jiyo ta yi wata 'yar dariya da ban so ba. Amsarta gare ka ke nan, ba ni da abin ƙarawa.

Amma ba don in ba ka amsa na zauna rubutu ba. Akwai abin da nake so ka sani, don kada ka kwanta kana cewa ka mayar da abin da ka ɗauka.

Auta ta samu aiki a wani shagon kayan gini a bakin kasuwa. Tana zaune bayan kantar shagon tana rubuta rasit, tana ƙirga kwalin tayil da gwangwanin fenti. Mai shagon ba ya ko iya rubuta sunansa da kyau, amma wata na ƙarewa yake miƙa mata haƙƙinta ba sai ta tambaya ba. Na ce a raina ba komai, ta riƙe wannan kafin wata dama ta zo.

Damar kuwa ta zo da wuri fiye da zatona. Wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka ba su kama aiki ba, sai aka sake kiran waɗanda suka ci jarrabawa su zo cike gurbi. Shugaban makarantarmu ne ya nuna min sanarwar, sunanta na ciki. Ban jira an tashi ba, na bar aji a hannun malamar ajin da ke kusa da nawa na hau mota har shagon. Na same ta tana auna wa wani ƙusa. Na ce, "Auta, an sake kira! Ga takardarki a gida, wannan karon babu mai tare ki."

Ta gama auna ƙusar, ta karɓi kuɗi, ta ba da canji. Sannan ta ce, "Mama, ba zan je ba."

Na zaci fushi ne. Na ce gwamnati ba kawunta ba ce, a can akwai albashi ko yaya yake, akwai fansho, akwai yaran da ba su da kowa sai malami. Na yi ta zuba kamar ina gaban aji. Ta bar ni na gama.

"Mama, na ga naki tun ina ƙarama, ban tsorata ba. Na ce ko ba kuɗi akwai mutunci, kuma malamai na riƙe da junansu. Sai ga Kawu. Shi fa malami ne. Ya san zafin abin, ya yi ihu a kansa, ke kika ba ni labari. In wanda ya sani ya yi min haka, me zan jira daga wanda bai sani ba?"

Ka san ni, ban taɓa rasa amsa ba. Na amsa wa shugabanni, na amsa wa iyaye masu zagi, na amsa wa yayyenta lokacin da suke yi mata dariya. Ranar nan na buɗe baki a gaban kantar, na nemi kalma ɗaya da zan kare aikin da na ba rayuwata, na rasa. Wani ya shigo neman fenti, na matsa na ba shi wuri.

Albashin shekara guda da ka hana ta, na bar ka da Allah a kansa. Abin da ba zan yafe ba shi ne wannan. Malama ce na aiko maka, mai son aikin da gaske, irin wadda ake daɗewa ba a samu ba. Ka mayar min da takardar, ita kuwa ba ta dawo ba.

Na gaya wa direba kada ya ƙara karɓo min komai daga hannunka.

Jiya aka yi tantancewar. Ta tashi da safe ta tafi shago, ni kuma na tafi aji.

Uwar Auta.